Warin bakin maigidana ya dame ni, surukata kuma ta hana shi zuwa wankin haƙori

Assalamu alaikum Anti. Daga Gombe nake rubuto miki, kuma don Allah a sakaya sunana. Shekararmu tara da aure, yaranmu uku, ga kuma cikin wata biyar. Maigidana yana sana'ar hatsi, mutum ne mai kirki da tsafta, ba ya rabuwa da aswaki, sai dai akwai shi da cin goro. Shekara uku ke nan da aka gano yana da ciwon suga. Tun bara bakinsa ya fara wari, ina ganin jini a jikin aswakinsa, wani lokacin har a rigar matashi da safe. Na saya masa kanumfari da alewa mai yaji ba tare da na faɗi dalili ba. Shi yana cewa olsa ce ke damunsa. Likitan da ke duba shi kan suga ya ce ya je sashen haƙori a wanke masa. Da Hajiya mahaifiyarsa ta ji sai ta ce ba da yawunta ba, domin yayansa ya taɓa zuwa aka wanke masa, ya dawo haƙora duk ƙofofi, suna girgiɗi, ko ruwan randa ba ya iya sha, kafin shekara aka cire masa biyu. Ta ce ya riƙa dirzawa da gawayi da gishiri. Shi kuma ba ya tsallake maganarta. Yanzu da cikin nan warin yana tayar min da zuciya, har na fara juya masa baya a shimfiɗa. Ya lura, ya tambaye ni ko ya yi min wani laifi, na ce babu. Tun daga nan ya rage sakin fuska. Ni ma dasashina yana jini in na goge baki, amma matan unguwa sun ce ɗan cikin ne ke zuƙe ƙarfin haƙorana, kuma mai ciki ba ta zuwa wurin likitan haƙori. Anti, da gaske wankin nan yana lalata haƙori? Kuma ta yaya zan faɗa masa ba tare da na ci masa fuska ba?

Wa alaikumus salam ƙanwata. Ki fara sauke nauyin da kika ɗora wa kanki. Mai ciki ko ƙanshin miyar da ta fi so kan tayar mata da zuciya, balle wari na gaske. Wadda ta tsani mijinta ba ta zama ta ƙirga ɗigon jini a matashinsa. Amma shi bai san haka ba. Mutum ba ya jin warin bakinsa, hanci kan saba da abin da yake tare da shi dare da rana, saboda haka in matarsa ta fara ja da baya, bakinsa ne abu na ƙarshe da zai zo masa a rai. Zai ce ko kin gaji da shi, ko ciwon da yake fama da shi ya rage masa ƙima a idonki, ko wani ya kawo miki tsegumi. Duk waɗannan sun fi gaskiyar zafi. Kin yi shiru ne don ki tsare masa mutunci, amma “babu” ɗin da kika ce masa ita ce ke hana shi barci yanzu.

Zan zo kan yadda za ki yi masa magana. Bari mu fara da Hajiya, domin ban yarda a ɗauke ta a matsayin tsohuwa mai gardamar banza ba. Uwa ce da ta ga ɗanta ya tafi asibiti da haƙora a jere, ya dawo suna rawa. Abin da ta gani ya faru. Inda aka samu kuskure shi ne wajen gane wanda ya yi ɓarnar.

Kullum akwai wani farin datti mai yauƙi da ke taruwa a jikin haƙori, musamman a gindinsa inda ya haɗu da dasashi. In kin kankara da farce da safe kafin ki goge baki za ki gan shi. Mutane na ɗauka ragowar abinci ne, alhali yawancinsa ƙwayoyin cuta ne da suka yi sansani. Yana da laushi, buroshi ko aswaki na fitar da shi. Amma duk lungun da hannu bai kai ba, cikin 'yan kwanaki sinadarin kalsiyam da ke cikin yawu yakan shige shi, ya daskare, ya yi tauri, ya manne. Daga nan ko a kwana ana dirza ba zai fita ba. Ya fi taruwa a bayan haƙoran gaba na ƙasa ta wajen harshe, da gefen matauna na sama ta wajen kunci, saboda nan ne yawu ke ɓulɓulowa. Ki ɗauki madubi ki haska tocilan waya a bayan haƙoranki na ƙasa. Da wuya ki rasa ganin wani abu ruwan ɗorawa ko ruwan ƙasa da ya cike tsakaninsu.

Wannan daskararren dattin yana da kaushi, sabbin ƙwayoyin cuta na samun wurin maƙalewa a kansa, dasashi kuwa ba ya hutawa da faɗa da su. Sai ya kumbura, ya yi ja, ya riƙa jini da an taɓa shi. A wannan mataki, in an wanke aka kuma kula, dasashi na komawa garau kamar ba a yi ba. In aka bar shi shekaru, dasashin yakan saki jikin haƙori, rami ya buɗe a tsakaninsu. A baki mai lafiya zurfin wannan wuri milimita 1 zuwa 3 ne. Da ya kai 4, 5, 6, dattin ya gangara ƙasa inda babu buroshin da zai kai, kuma ƙashin muƙamuƙi da ke riƙe da saiwar haƙori ya fara zaizayewa. Mugun halin ciwon nan shi ne ba ya zafi. Mutum yana cin namansa, yana tauna goronsa, ƙashi na tafiya. Wanda ya tafi kuma ba ya dawowa da kansa.

Ki ɗauki katangar ƙasa da damina ta yi shekaru tana cin gindinta, ga tarin shara an jibge a jikinta yana tokare da ita. Ranar da aka kwashe sharar sai a ga rami a gindi, katanga tana rawa, a hau zagin mai kwasa. Alhali ramin ya daɗe, kuma sharar ce ke riƙe danshin da ke ƙara cin gindin. Ban duba bakin Yaya, wan maigidanki, ba, amma labari irin nasa kusan kullum haka fassararsa take. Ƙofofin da Hajiya ta gani wurare ne da ƙashi da dasashi suka riga suka bari, datti ya cike su. Da aka cire dattin, kumburin dasashi ya saɓe, sai suka fito fili. Girgiɗin kuma da ma yana nan, dattin da ya haɗe haƙoran wuri guda ne ya ɓoye shi. Haƙoran nan biyu da aka cire, mai yiwuwa sun riga sun kai gargara tun kafin ya zauna a kujerar. Yaya ya je a makare ne. Abin da nake ji wa maigidanki ke nan, kada shi ma ya jira har lokacin.

Ga abin da ake yi a ɗakin, don ki iya kwatanta masa. Za a kwantar da shi a kujera mai jingina, a haska fitila, a zagaya bakin da ɗan madubi da wani siririn ƙarfe mai layi-layi da ake auna zurfin dasashi da shi. In an ga alamar ciwon ya yi nisa sai a ɗauki hoton haƙora don a ga iyakar ƙashin da ya rage. Sannan a ɗauko abin wankin, wanda girmansa bai wuce biro ba. Bakinsa yana karkarwa da sauri ƙwarai, yana fesa ruwa, ga wani bututu a gefen baki yana zuƙe ruwan. Karkarwar ce ke farfasa dattin ya ɓare ɓarɓashi-ɓarɓashi. Ba ya yanka haƙori, ba ya fiƙe shi. Farin ɓawon da ke lulluɓe da haƙori shi ne abu mafi tauri a jikin ɗan Adam, ya fi ƙashi. Ƙarar dai ba daɗi, tana shiga kunne, wannan ba zan ɓoye miki ba. Bayan nan a bi sauran lungunan da ƙarafan hannu, a goge da ɗan roba mai juyawa har haƙoran su yi santsi. Rabin awa zuwa awa guda an gama. Idan dattin ya nutse ƙarƙashin dasashi, kamar yadda nake zargi a wurinsa, akan yi allurar kashe zafi, a raba aikin zuwa zama biyu ko fiye. Bayan an gama zai ga jini kaɗan, zai ji zogi in ya sha ruwan sanyi na 'yan kwanaki zuwa mako biyu, harshensa kuma zai yi ta laluben wuraren da suka buɗe. Kurkurar ruwan ɗumi da ɗan gishiri da makilin na masu zogin haƙori suna rage wannan.

Da maganar wari ce kawai, da na ce ki bi a hankali har Hajiya ta sauko don kanta. Sugan ne ya sa nake son a gaggauta. Ciwon suga da ciwon dasashi kowanne na rura wutar ɗan'uwansa. Suga in ya yi yawa a jini yana raunana garkuwar jiki, yana busar da baki, yana hana rauni warkewa, shi ya sa mai suga ya ninka wanda ba shi da shi sau biyu zuwa uku wajen kamuwa da ciwon dasashi mai tsanani. Tun 1993 wani masanin haƙori ɗan asalin Norway, Harald Löe, ya kira shi illa ta shida a jerin illolin ciwon suga, a sahun su lalacewar ido da ƙoda da jijiyoyi. Ta ɗaya ɓangaren, dasashin da ke kumbure yana ruruwa dare da rana yana zuba sinadaran kumburi a jini, su kuma suna sa jiki ya ƙi jin insulin, sinadarin da ke sauke suga a jini, sai suga ya ƙi sauka duk da ana shan magani. A 2022 ƙungiyar Cochrane, mai tace binciken likitoci, ta haɗa gwaje-gwaje da dama ta ga cewa yi wa masu suga wankin ƙarƙashin dasashi yana rage sakamakon gwajin HbA1c, wato wanda ke nuna matsakaicin suga na kusan wata uku, da kimanin 0.4 bayan wata uku zuwa huɗu. Mai 8.4 ya dawo wajen 8.0 ke nan. A ido ƙaramin abu ne, amma likitan suga ya san darajarsa, shi ya sa ya tura shi. Ba ya maye gurbin magani ko kiyaye abinci, kada ya ji wannan ya ajiye ƙwayoyinsa.

Za ki ji ana cewa ciwon dasashi yana kawo bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki. Gaskiyar da aka tabbatar ita ce an fi samun ciwon zuciya a cikin masu ciwon dasashi, amma ƙungiyar likitocin zuciya ta Amurka ta ce a 2012 ba a tabbatar ɗaya ne ke haifar da ɗaya ba, domin taba da suga da shekaru duk suna jawo su biyun. Don haka kada ki tsoratar da shi da wannan. Abin da muke da tabbas a kansa ya ishe mu hujja.

Olsa kuwa, mu Hausawa mun ɗora mata laifuffukan da ba ta san hawa ba ba ta san sauka ba. A cikin masu warin baki goma, takwas ko tara daga cikin bakin ne warin ke tashi, daga ramukan dasashi da farin dattin da ke kwance a can bayan harshe. Ƙwayoyin cutar da ke wurin ne ke fitar da iskar mai wari. Kanumfari da alewa suna rufe shi na ɗan lokaci, alewar ma in mai suga ce ƙarin matsala ce gare shi, ki daina saya. Abu guda dai ki riƙe: in wata rana kika ji bakinsa na wani irin ƙanshi kamar na 'ya'yan itace da suka nuna suka wuce, ga amai, ga ƙishirwa, ga kasala ko magagi, wannan ba na haƙori ba ne, suga ne ya hau matuƙa, asibiti za a nufa a lokacin.

Aswakinsa kada a taɓa shi. Sunna ce, kuma in an iya amfani da shi yana fitar da datti mai laushi sosai. Matsalar ita ce yadda mazanmu ke yi, a maƙala a baki ana tafiya masallaci, ana goga haƙoran gaba guda shida da mutane ke gani, na ciki da bayansu kuwa sai dai su ji labari. Kuma shi ma ba ya ɓamɓare abin da ya riga ya daskare. Gawayi da gishirin da ake dirzawa su nake roƙon a bari. Suna haskaka haƙori a makon farko saboda suna kankare tabon goro, amma tare da tabon suna cin farin ɓawon, suna yi wa gindin haƙori gurbi, sai zogi ya ƙaru, haƙorin kuma ya ƙara yin ruwan ɗorawa saboda abin da ke ƙarƙashin ɓawon ya fara bayyana. Haka masu yawo a tasha da kasuwa da 'yar kwalba suna wanke haƙori nan take. Ruwan da ke farar da haƙori cikin minti biyu yawanci asid ne ke cikinsa, kuma ƙarfen da ya fito daga bakin wani ya shiga na wani ba tare da an dafa shi a injin kashe ƙwayoyin cuta ba hanya ce ta ɗaukar ciwon hanta. Tun da a Gombe kike, bari in ƙara wannan: wanda ya tashi a yankin Kaltungo, inda ruwan rijiyoyi ke da sinadarin fuloraid fiye da kima, haƙoransa suka yi dabbare-dabbaren ruwan ƙasa tun yana yaro, wanki ba zai fitar da wannan launi ba, domin a cikin jikin haƙorin yake. Na faɗa ne don kada wani ya je ya dawo ya ce an cuce shi.

Yanzu ke. Ɗan cikinki ba ya zuƙar komai daga haƙoranki. Sauyin sinadaran jiki da ciki ke kawowa ne ke sa dasashi ya yi saurin kumbura ko da datti kaɗan ne, kuma mata masu ciki da yawa suna ganin wannan jinin. Wankin haƙori ba ya cutar da ciki, kuma daga wata huɗu zuwa shida ne lokacin da ya fi sauƙi, laulayi ya lafa, ciki bai yi nauyin da kwanciya a kujera zai wahalar da ke ba. Kina cikin wannan lokaci tsundum. Ki gaya musu watannin cikin da magungunan da kike sha, in kwanciya rigingine ta sa ki jiri ki ce a ɗan karkata ki hagu. Idan kin yi amai, ki kurkure baki da ruwa, ki jira kamar rabin awa kafin ki sa buroshi, domin tsamin aman yana tausasa ɓawon haƙori. A wurin awo ma ki faɗa musu maganar jinin, musamman in kina haɓo ko jinin yana daɗewa bai tsaya ba.

Ta nan nake ganin ƙofarki take. Ki fara da kanki. Ki nemi izininsa, ki ce dasashinki na jini kina son a duba, ki roƙe shi ya kai ki da kansa. Zai ga ɗakin, ya ga abin aikin, ya ga kin fito da ƙafarki kina magana. Hajiya kuma za ta ga haƙoranki suna nan a jere bayan mako guda ba tare da kin ce mata uffan ba. Sai dai ki kiyaye abu ɗaya: naki sabon kumburi ne, nasa ya daɗe. Kada ki yi masa alkawarin zai fito kamar ke. Yana iya ganin ƙofofi, yana iya jin wani haƙorin yana motsi. Gara ya san haka tun kafin ya zauna, ya kuma san dalili, da ya gani daga baya ya ce Hajiya ta yi gaskiya.

Maganar warin kuwa ba makawa sai kin faɗa, kuma ke ce kika fi cancanta. In ba ki faɗa ba, wata rana wani abokin ciniki ne zai yaɓa masa a tsakiyar kasuwa. Kada ki yi ta a shimfiɗa lokacin da ransa ke ɓace, kada ki yi ta a gaban yara, kada kuma ki mayar da ita wasa, don wasan ya fi ciwo. Ki bari ya ci abinci ya huta, ku biyu kawai. Ki fara da jinin, ki biyo da warin, ki ƙare da wanke shi daga zargin da yake yi wa kansa. Kamar ki ce: “Abban yara, ranar da ka tambaye ni na ce babu komai, kunya ce ta hana ni. Jinin da nake gani a aswakinka yana ba ni tsoro, har ya fara sauya iskar bakinka, ni kuma cikin nan ya sa ba na iya jure kowane wari. Wallahi wannan ne kaɗai, ba ka yi min laifin komai ba. Ina so mu je a duba mu tare.” Yana iya yin shiru, yana iya ɗaure fuska kwana ɗaya ko biyu. Ki bar shi, kada ki janye maganar, kada kuma ki yi ta nanatawa. In kin ga kunya ta kama shi, ki sanar da shi ba ƙazanta ba ce kuma ba shi kaɗai ba ne. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta mutum kusan biliyan 1 ne ke da ciwon dasashi mai tsanani, kusan babba ɗaya cikin biyar.

Hajiya ba yaƙinki ba ce. Suruka in ta tsaya yi wa uwar miji bayanin likitanci, ko gaskiyarta ta kai hasken rana, abin da za a ji shi ne ta raina ta. Ɗanta ne zai je, ko wata 'yarta da take jin maganarta. Kuma kada a je mata da “za a wanke”. A nemi albarkarta a je a duba a ɗauki hoto kawai, a dawo mata da abin da aka gani, a gaya mata likitan suga ne ya ce sugan ba zai daidaita yadda ake so ba matuƙar dasashin na ruruwa. Zai yi kyau ƙwarai a tafi da Yaya. Suga yana bin dangi, saurin kamuwa da ciwon dasashi ma haka, saboda haka ya kamata a gwada sugansa a kuma duba haƙoran da suka rage masa. In ya ji bayanin abin da ya same shi daga bakin likita, shi da kansa zai fi kowa iya sauko da Hajiya. Ban ba ki shawarar ku je a ɓoye ba. Ranar da ta hango ƙofa a bakin ɗanta, ke za a ce kin zuga shi. Idan an bi duk hanyoyin nan ta dage, maigidanki magidanci ne mai iyali, neman magani kuma ba saɓa wa iyaye ba ne. Ya nemi wani malami ko dattijon dangi da take ganin girmansa ya tausa ta, sannan ya je.

A cikin garin Gombe akwai sashen haƙori a Asibitin Koyarwa na Tarayya da kuma Asibitin Ƙwararru na jiha, ban da masu zaman kansu. Ki tambayi kuɗin tun a teburin karɓar kati, in kuna da katin GoHealth, wato inshorar lafiya ta jihar Gombe, ko inshorar lafiya ta tarayya ki tambaya ko ya ɗauki wannan aikin. In ya yi ƙorafin kuɗi ko barin rumfa, ki tuna masa cire haƙori da sa na roba sun fi wannan cin kuɗi da lokaci. Ya nemi layin safe, ya karya kumallo, ya sha maganinsa kamar kullum, ya tafi da kwalayen magungunan da sakamakon gwajinsa na ƙarshe. In yana shan asfirin ko wani maganin tsinka jini ya faɗa, haka in yana shan amlodipine na hawan jini, domin shi ma yakan sa dasashi ya yi kauri. Idan sun auna suka ga sugan ya hau da yawa suka ce ya dawo wani lokaci, ba wulaƙanci ba ne, so suke raunin ya warke da wuri.

An saba cewa a je duk wata shida. Ga mai lafiyayyen dasashi, likita na iya tsawaita masa zuwa shekara ko fiye, ba kowa ne ke buƙatar wanki a kai a kai ba. Amma mai suga da ciwon ya riga ya kama, akan so a gan shi duk wata uku zuwa huɗu, aƙalla a farko, don datti yana dawowa. Wanki ɗaya a tafi ba a sake waiwaye ba shi ne ke sa mutane su ce aikin bai yi amfani ba. A gida kuma ya goge da buroshi mai laushi da makilin mai fuloraid safe da dare, minti biyu, bakin buroshin yana kallon gindin haƙori, ya tofar kada ya kurkure da ruwa. Ya kankare bayan harshe. Tsakanin haƙora ya sa zaren sakace ko ɗan ƙaramin buroshin da ake yi don wurin, ya bar tsinken tsintsiya da ashana. Jini zai fito a kwanakin farko, kada ya sa ya daina, cikin mako ɗaya zuwa biyu yakan ragu. Ku yi tare da dare in yara sun kwanta, tun da ke ma aikin ya hau kanki.

In duk da haka ya ƙi, ki raka shi ranar ganin likitan suga, ki roƙi likitan ya maimaita masa a gabanki ya kuma rubuta masa takardar zuwa sashen haƙori. Maza da yawa sun fi jin takarda da bakin matansu. Amma in kin ga kunci ya kumbura, ko ruwa mai wari na fita daga gindin haƙori, ko zazzaɓi ya haɗu da ciwon baki, to babu sauran jiran izinin kowa, ranar za a kai shi, domin ƙurjin haƙori a jikin mai suga yana saurin yaɗuwa. Allah ya ba shi lafiya, ke kuma ya sauke ki lafiya.